Gem na yankewa da zarar an ɗauke wuta, alhali kwamfuta na kunne: nazarin wani lamari daga Agege

Ƙorafin da aka kawo mini shago a Computer Village, Ikeja, gajere ne. Mai ƙorafin matashi ne, ƙanen wani abokina, mazaunin Agege. Yana da kwamfutar gem ta tebur a ɗaki, ya kuma haɗa ta yadda zai riƙa buga ƙwallon EA Sports FC a wayarsa daga ko'ina cikin gida. Kwamfutar ce ke gudanar da wasan, wayar tana karɓar hoto da sauti ta waifai, tana mayar mata da duk abin da ya danna a hannun wasa. Idan akwai wuta komai lafiya. Da an ɗauke, sai hoto ya daskare a waya, daga nan allo ya yi baƙi, in ya sake gwada shiga sai ta ƙi. Ya ce mini, "Yaya, kwamfutar fa tana kan inbata, fankarta ma ba ta tsayawa. Rauta ce kawai nake zargi, ka ba ni wata mai ƙarfi."

Ban sayar masa da rauta ba. Na ce sai na ga yadda aka jera kayan tukuna, domin irin wannan matsala ba a gane ta a kan kantar shago.

Yadda kayan suke a gidan

Kwamfutar tana da firosesa Intel i5-12400F da katin girafik RTX 3060, tana kan Windows 11. Monitar inci 24 ce, mai 1920 x 1080, tana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, an haɗa ta da katin ta kebul ɗin DisplayPort. Manhajar da ke turo wasan daga kwamfuta ita ce Sunshine, wadda ke karɓa a waya kuma Moonlight. Wannan haɗin shi mafi yawan masu irin wannan harka suka koma wa tun da Nvidia ta rufe nata tsarin turo wasa, GameStream, a 2023. Dukansu biyu kyauta ne.

Gidan, kamar gidaje da yawa a Legas tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ya rage dogaro da janareta ya koma inbata, mai batir biyu na 200Ah. Mai wayarin ya raba soket ɗin ɗakin gida biyu: wasu na layin inbata, wasu na wutar gari zalla. Kwamfuta da rauta suna layin inbata. Monita kuwa, matashin da kansa ya mayar da ita soket ɗin wutar gari, wai don kada ta sha batir. Yana da dalili na biyu kuma, wanda ya fi na farko ƙarfi: ɗakin shi da ƙanensa ne, yaron na kwanciya da wuri saboda makaranta, shi kuma in an ɗauke wuta zafi kan kore shi zuwa baranda da wayarsa. Ba ya son monita ta haske ɗaki tana nuna ƙwallo a kan mai barci.

Abubuwa biyu na fara cirewa daga zargi, kuma ba su ɗauki lokaci ba. Na farko, ko kwamfutar na mutuwa ta sake tashi a lokacin da inbata ke karɓar aiki. Muka kashe babban makunnin wutar gari da hannu, na duba agogon da ke nuna tsawon lokacin da kwamfuta ta yi a kunne a cikin Task Manager, na ga bai koma sifiri ba. Na biyu, rauta. Waifai bai yanke ba, wayar tana ganin kwamfutar a jerin Moonlight ba tare da alamar ta ɓace ba, shafin saitin Sunshine da ke lamba 47990 ma yana buɗewa. Ya kuma yi tunanin ko data ce ke ƙarewa. Turo wasa a cikin gida ɗaya ba ya taɓa data ko kaɗan, tsakanin kwamfuta da rauta da waya abin yake tsayawa. Da ta intanet yake bi, da ya sani tun ranar farko, domin saitin Moonlight na asali a 1080p da hoto 60 a daƙiƙa megabit 20 ne, wato kusan gigabait 9 a awa ɗaya.

Amsar tana rubuce a wayarsa tun farko, da Turanci, cikin ƙananan haruffa da yake saurin gogewa. Kuskure ne mai lamba 503, yana cewa an kasa fara ɗaukar hoto, yana kuma tambaya ko akwai allo a haɗe kuma a kunne.

Kashe monita iri uku ne

Nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin mu duka "na kashe monita" muke cewa, alhali abubuwa uku ne daban a wurin kwamfuta.

Sunshine ba ta ƙera hoto da kanta. Kwafar abin da katin girafik ya riga ya zana wa wani allo take yi, ta hanyar da Windows ta tanada tun daga Windows 8, sannan ta miƙa wa sashen NVENC da ke cikin katin ya matse shi zuwa bidiyo, H.264 ko HEVC, ta tura wa waya. Shi kuma katin ba ya zana tebur sai ya san allon da zai zana wa. Kamar tela ne, ba ya sa almakashi a yadi sai an kawo masa awo. Awon monita shi ne EDID, wani ɗan bayani mai bait 128 a asalinsa, wanda ƙungiyar VESA ta tsara tun 1994. A ciki monita ke faɗin sunanta, girman hoton da take ɗauka da saurin sabuntawarta. Bayan EDID akwai wata waya guda a cikin kebul da aikinta kawai ta shaida wa kati cewa akwai allo a ɗaya ƙarshen.

Iri na farko shi ne Windows ta kashe allo da kanta bayan an daɗe ba a taɓa komai ba. Wannan ba matsala ba ne. Monita na nan a rajista, da ka motsa wani abu daga waya za ta farka.

Iri na biyu shi ne a danna maɓallin monita. A nan kebul ne ke yanke hukunci. HDMI yana da fil 19. Ta fil na 18 kati ke aika wa monita bolt 5, kuma a monitoci da yawa wannan 'yar wutar ce ke riƙe da ƙwaƙwalwar EDID da siginar fil na 19 mai cewa "ina nan". Shi ya sa monita ta HDMI sau da yawa take zama a idon Windows ko an kashe ta. DisplayPort ba haka yake ba. Ana karanta EDID ta wata tasha da ke buƙatar lantarkin monitar kansa ya kasance a farke, don haka monitoci da dama suna ɓacewa gaba ɗaya da zarar an danna maɓalli ko sun shiga barci mai nauyi. Duk wanda ya taɓa dawowa ya tarar tagoginsa sun tattaru a kusurwa ɗaya bayan ya kashe monita ya ga wannan da idonsa.

Iri na uku shi ne wuta ta bar soket ɗin monita ɗungurungum. A DisplayPort wannan daidai yake da zare kebul. Abin da ke faruwa a Agege ke nan duk dare. Kwamfuta na raye a kan batir, monita ta mutu tare da wutar gari, Windows ta wayi gari ba ta da allo ko ɗaya, kati ya daina zana tebur, Sunshine ta rasa abin kwafa. Bayanan da ake samu a intanet kan wannan matsala yawanci daga ƙasashen da wuta ba ta yankewa suke fitowa, shi ya sa suka fi magana a kan iri na biyu. Mu namu na uku ne, kuma yana zuwa ba sallama, a tsakiyar wasa.

Don in tabbatar masa, ban ma jira an ɗauke wuta ba. Ana cikin wasa na zare fulogin monita daga bango. Hoto ya daskare a waya nan take. Na mayar, bayan 'yan daƙiƙu ya sake shiga lafiya. Daga nan ya daina maganar rauta.

Fulogin bogi, da matsalar da ya zo da ita

Sai ya buɗe aljihun tebur ya ciro wani ɗan abu kamar kan filasha. Ya ce wani abokinsa ya taɓa ba shi, sun gwada bai yi komai ba. Fulogin bogi ne na HDMI, wanda 'yan kasuwarmu ke kira domi. Babu komai a cikinsa sai ƙwaƙwalwar EDID, yana shan bolt 5 ɗin nan daga kati yana gaya masa cewa shi monita ne. Masu haƙar kirifto da masu sabar da ba ta da allo ne suka sa ya yawaita a kasuwa.

Na tambaye shi ramin da suka sa shi. Ya nuna mini HDMI na sama, wanda ke jikin madabod kusa da ramukan USB. Wannan ramin na girafik ɗin cikin firosesa ne, kuma harafin F da ke ƙarshen 12400F yana nufin firosesar ba ta da girafik a ciki sam. Ramin a mace yake. Ko da firosesa mai girafik ce, sa shi a can kan jawo wata rigimar, domin allon zai kasance a kan guntu ɗaya, wasa kuma a kan wani. Wurinsa ramin HDMI na katin girafik, can ƙasa, kusa da inda kebul ɗin monita ya shiga.

Muka sa shi inda ya dace, Windows ta ga allo na biyu. Na zare monita, wasa ya ɗan ƙifta ya ci gaba a waya. Matashin har ya fara godiya. Na ce masa ya dakata mu ga abin da zai faru in an kawo wuta, domin a Legas dawowar wuta ma gwaji ce.

Na mayar da fulogin monita. Sai ga wayar tana nuna hoton bangon tebur fayau, ba ƙwallo, ba komai, ga kuma wasan ya koma kan monita a ɗaki yana haske. Dalilin shi ne Windows tana ajiye tsari daban ga kowane rukunin allunan da ta gani. Idan fulogin bogi ne kaɗai, shi ne babban allo. Idan su biyu ne, tana komawa tsarin da ta ajiye musu, wato faɗaɗa tebur a kan duka biyu tare da monita a matsayin babba. Wasa yana bin babban allo, Sunshine kuma ta tsaya a kan wanda take kwafa. Ga wata damuwa a gefe: in yana zaune a tebur da rana, linzami kan sulale zuwa allon da babu shi, wasu tagogi ma su buɗe a can.

Hanya mafi sauƙi ita ce a danna maɓallin Windows tare da P a zaɓi nuna hoto ɗaya a kan allunan biyu. Mun gwada, ta yi aiki, kuma ga mutane da yawa a nan ya kamata a tsaya. Sai dai fulogin nasa hoto 60 a daƙiƙa kawai yake iya kaiwa a 1080p, kamar yawancin masu araha, waɗanda ke rubuta 4K a kwali amma a saurin 30 ko ƙasa da haka. Da aka haɗa su a hoto ɗaya, wasannin harbi da yake bugawa a tebur suka rasa santsin 144 da ya biya kuɗi dominsa. Bai yarda ba, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Abin da muka tsaya a kai ya haɗa gyara uku da ke tafiya tare. A Windows, idan allunan biyu suna nan, na saita a nuna a kan monita kaɗai, fulogin bogi yana haɗe amma ba ya aiki, saboda haka babu inda linzami zai ɓace kuma 144 na nan. A Sunshine, sigogin da suka fito daga 2025 suna da saitin da ke ba ka damar zaɓar allo guda, ta kunna shi idan an fara turo wasa, ta kashe sauran, ta kuma mayar da komai yadda yake idan an gama. Na ba ta lambar shaidar fulogin bogi, wadda ake samu a kundin bayananta. Lambar ta fi amfani da sunaye irin su DISPLAY1 da DISPLAY2, domin waɗannan kan sauya duk lokacin da allo ya tafi ya dawo.

Na ukun shi ne wanda ya fi yi masa wuyar karɓa: mayar da monita kan layin inbata. Ya ce, "Yaya, ai abin da nake gudu ke nan." Na ce masa, ƙanena, zo mu yi lissafi. Monita irin tasa tana shan wajen wat 20 zuwa 30 idan tana haske, amma idan ba ta samun sigina ta kwanta, abin da take sha bai kai wat ɗaya ba. Tunda yanzu Sunshine na yanke mata sigina da zarar ya shiga daga waya, za ta kwanta da kanta, ɗaki ya yi duhu, ba sai an taɓa maɓalli ba. Amfanin barinta a inbata shi ne ta daina tafiya da dawowa tare da wutar gari, Windows ta daina sake jera allo a tsakiyar wasa. Na kuma shiga menu na jikin monitar na kashe saitin barci mai nauyi na DisplayPort, don kada ta ɓace daga idon kati ta ƙi farkawa idan an gama.

Wanda ke shan batir da gaske shi ne katin, RTX 3060 an ƙayyade shi a wat 170. A da, yana zana hoto har 144 a daƙiƙa alhali 60 kawai ake turawa waya, sauran asara ne. Yanzu da wasan ke gudana a kan allo mai 60, muka kuma ɗaure shi a 60 daga cikin saitinsa, katin ya rage aiki, har ƙarar fankarsa ta sauka. Abin da ya samu a nan ya fi abin da yake tsammanin yana tsimi da cire monita. Ga mai batir biyu na 200Ah, wanda rabin abin da ke cikinsu kawai ya kamata a sha in ana son su daɗe, ga fanka da fitilun gida a kan layi ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sauti ya biyo baya

Hoto ya daidaita, sai muka ga babu sauti a waya. Sifikunsa a jikin monita aka soka su, wato sautin kwamfuta ta DisplayPort yake bi. Monita ta fita daga aiki, na'urar sauti ta bi ta. Tunda akwai Steam, manhajar sayen gem da buga shi, a kwamfutar, na bar Sunshine ta girka sifikar manhaja ta Steam Streaming Speakers ta riƙa amfani da ita lokacin turo wasa. Ba ta dogara da wani allo ba, kuma sauti ba ya fita a ɗaki, wanda shi ma alheri ne ga mai barci.

Akwai wata hanya da ban bi ba, kuma ya kamata in faɗi dalili, domin na san masu karatu da yawa ita za su ba da shawara. Ana iya girka direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'ura, wanda ke ƙirƙirar monita ta manhaja, ba tare da wani fulogi ba. Windows 10 da 11 suna da tsarin IddCx da ya ba da damar haka, kuma Apollo, wadda aka tsiro daga Sunshine, tana zuwa da irin wannan allo a cikinta, tana ƙirƙirar sa idan an shiga, ta cire shi idan an fita. Fa'idarsa a fili take. Yana iya ɗaukar siffar allon waya daidai, misali 2400 x 1080, ba baƙin layi a gefe, yana iya kaiwa 120, wasu ma har HDR, tsarin da ke ƙara wa hoto haske da launi. Da wayarsa na da allo mai 120 kuma yana son cin moriyarsa, da ita zan sa masa. Amma direba abu ne da ke rayuwa a cikin Windows, sabuntawa na iya taɓa shi, kuma wanda ya kuskure ya mayar da allon manhaja babba na dindindin kan iya zama gaban monita baƙa bai san ta inda zai fara ba. Wannan matashin gem ya iya, ba gyara ba, kuma ƙwallo a 60 ta ishe shi. Fulogin bogi in ya kawo ruɗani, hannu kawai za a sa a zare shi, komai ya koma kan monita. Na nuna masa hakan, na sa ya yi da kansa har ya saba.

Gwajin ƙarshe mun yi shi yadda abin ke faruwa da gaske. Ya shiga wasa daga baranda, monita ta kwanta. Na kashe makunnin wutar gari, wasa bai motsa ba. Na mayar, bai motsa ba. Ya rufe wasan daga Moonlight gaba ɗaya, monita ta farka a 144. A nan na ja hankalinsa kan bambancin fita daga hoto da rufe wasa: in ya fita kawai ya bar wasan na gudana, Sunshine na iya ɗaukar cewa zai dawo ta bar tsarin allo yadda yake, ya shiga ɗaki ya tarar monita a kwance. Na kuma hana kwamfutar yin barci da kanta idan tana kunne, na bar kashe allo kawai.

Abu ɗaya ya rage. Yana son ya riƙa tayar da kwamfutar daga waya ba sai ya shiga ɗaki ya danna maɓalli ba. Moonlight tana iya aika siginar tayarwa, amma abin ya fi tabbata idan kwamfuta na haɗe da rauta ta kebul, tasa kuwa a waifai take, rautar na falo. Kebul ɗin zai kuma rage ɗan tsaikon da ake gani da yamma idan maƙwabta duk sun hau waifai, domin yanzu hoton sau biyu yake bin iska, daga kwamfuta zuwa rauta, daga rauta zuwa waya. Na auna nisan, na rubuta masa tsawon kebul ɗin Cat6 da zai saya, na kuma mayar da wayarsa kan zangon waifai na 5GHz kafin nan. Ja kebul ɗin sai an huda bango, huda bango kuma sai da izinin mai gidan haya, shi yake jira.